Sharhin Noma: Kula da Ledar Rumfa Kafin Iska Ta Raba Ka da Ita



Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya ya ratsa ta Kura da Kadawa, ko ya zaga ƙauyukan gefen Jos wajen Vom da Kuru, ko gonakin bayan garin Kaduna da Abuja, zai ga wani irin gini da iyayenmu ba su sani ba. Ƙarafa ne lanƙwasassu a jere, an lulluɓe su da farar leda, ana noma a ciki. Idan ka leƙa wata rumfar sai ka ga tumatir ya bi igiya har ya fi mutum tsawo, tattasai na sheƙi, kokwamba na reto. Ka ƙara gaba kaɗan kuma sai ka tarar da wata, ƙarafa ne kawai tsirara, guntayen leda na kaɗawa a jikinsu, awaki na kiwo a ciki. Sau da yawa shekara ɗaya aka kafa su, kuɗin da aka kashe ma ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne kula da ledar nan da gyara ta a kan kari, kuma a kansa za mu yi magana yau.

Bari in faɗi ra'ayina tun daga farko. Mafi yawan ledar rumfa da ke lalacewa a wajenmu ba wa'adinta ne ke cika ba. Mai ita ne ke mayar da hankalinsa kacokan kan abin da ke ƙasa, wato iri da taki da ban ruwa, ya manta da abin da ke sama da kansa. Sai ran da hadari ya taso cikin dare, gari ya waye ya tarar da rufin a gonar maƙwabci, sannan ya tuna da shi. Alhali ledar nan ita ce rumfar. Ƙarfen zai iya shekara goma sha biyar yana tsaye, amma in babu leda a kansa ba abin da yake tsinana wa shuka.

Ita wannan leda da wani sinadari ake yin ta mai suna foliyetilin, wanda aka gano hanyar haɗa shi mai amfani ga masana'antu a Ingila a shekarar 1933. A 1948 wani malamin aikin gona a Jami'ar Kentaki ta Amurka, Emery Emmert, ya rufe rumfar shuka da ita a madadin gilashi, domin gilashi ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Daga nan abin ya bazu a duniya. A yankin Almeriya da ke kudancin Sifen, inda ƙasa ta bushe ruwan sama kuma ya yi ƙaranci, an fara kafa irin waɗannan rumfuna a farkon shekarun 1960. Yau sun rufe fiye da hekta 30,000, har daga sararin samaniya ana hango farinsu, kuma daga can ake ciyar da kasuwannin Turai da tumatir da tattasai lokacin sanyi. Abin da ya sa na kawo su shi ne, a can kula da leda sana'a ce mai zaman kanta. Akwai masu shimfiɗa ta, akwai masu shafa mata farar ƙasa idan zafi ya shigo, akwai masu wanke ta idan zafin ya wuce, kuma manomi ya san shekarar da zai canza ta tun ranar da ya saya. Mu mun karɓi rumfar, amma wannan tarbiyyar ba mu karɓe ta tare da ita ba tukuna.

Babban abokin gabar leda shi ne rana, ita ɗin da aka kafa rumfar domin a ci moriyarta. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda masana ke taƙaita sunansa da UV. Shi ne ke ratsa jikin roba yana tsinka ta a hankali har ta bushe ta fara ɓarɓashi. Kowa ya ga yadda bokitin roba ke yi idan an bar shi a tsakar gida ya shekara. To ledar da aka yi musamman domin rumfa, tun a masana'anta ake haɗa ta da maganin da ke tare wannan ɓarna. Kaurinta galibi maikiron 200 ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita, kuma idan an kula da ita takan yi shekara uku zuwa biyar. Ledar magina kuwa, wadda ake shimfiɗawa kafin a zuba kankare, ko wadda ake rufe kaya da ita a kasuwa, ba ta da wannan magani. A ido duk ɗaya suke, a farashi akwai tazara, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Amma a ƙarƙashin ranar Sakkwato ko Maiduguri, ledar magina 'yan watanni kawai take yi ta kakkarye. Araha ba ta ado. Malam, in za ka saya, ka nemi a nuna maka rubutun da ke jikin naɗin, ka ga kaurin, ka ga wa'adin da kamfani ya ɗiba mata, ka karɓi rasit ka adana. Ka kuma tambayi fuskar da ke kallon ciki, domin wasu ledojin fuska biyu gare su. Ta ciki an yi mata abin da ke hana raɓa taruwa ta riƙa ɗiga kan ganye, kuma idan aka juya ta baibai an yi asarar wannan amfani.

Yanzu ka shiga rumfarka ka ɗaga kai. Idan ledar ta kwana biyu, za ka lura cewa inda ta fara canza launi, inda ta fara tsagewa, daidai kan ƙarafan ne, layi-layi. Dalilin a fili yake. Da tsakar rana a watan Afrilu, ƙarfen nan yakan yi zafin da hannu ba zai iya riƙe shi ba, kuma leda na kwance a kansa tun safe har la'asar, yau da gobe. Zafin yana cinye maganin da ke kare ta a wannan wurin kafin ko'ina. Ga kuma gogayya duk lokacin da iska ta kaɗa, ga tsatsa, ga bakin walda da ba a goge ba. Maganin wannan mai sauƙi ne, sai dai kafin a ɗora leda ake yinsa. Akwai wani farin tef mai laushi kamar soso da ake mannawa a bayan kowane ƙarfe domin ya shiga tsakani. Wanda bai samu ba, ya goge tsatsar, ya shafe ƙarafan da farin fenti irin na ruwa, ya naɗe mahaɗai da kan ƙusoshi da farin ƙyalle. Idan kuma an riga an ɗora ledar, ana iya shafa farin fentin ruwa ta waje, siririn layi daidai inda ta hau kan ƙarfe, domin ya mayar da zafin.

A nan akwai wata dabara da ta zama ruwan dare wadda nake roƙo a bari. Mutane kan yanka tsohuwar robar cikin tayar babur ko ta mota su naɗe ƙarafan da ita, da niyyar kada ƙarfe ya ci leda. Niyyar mai kyau ce, amma baƙar roba ta fi ƙarfen ɗaukar zafi, kuma da farar wuta ake sarrafa ta, ita kuwa farar wuta guba ce ga ledar rumfa. Haka nan katakon da aka shafa wa baƙin mai domin gudun gara, kada a bari ya taɓa leda kai tsaye. Haka bututun roba irin na masu aikin famfo, wanda wasu ke lanƙwasawa su yi ƙananan rumfunan reno da shi: a fara shafa masa farin fenti ko a naɗe shi, in ba haka ba nan ledar za ta fara ruɓewa.

Maganar farar wuta ta kawo mu kan feshi. Magungunan ƙwari da na cututtukan ganye da yawa suna ɗauke da farar wuta ko sinadarin kulorin, kuma su biyun suna kashe ƙarfin maganin da ke kare leda daga rana. Kamfanonin da ke yin ta ma sukan janye lamuninsu idan suka gwada suka ga waɗannan sinadarai sun yi yawa a jikinta. Saboda haka mai feshi ya sunkuyar da bakin famfonsa kan shuka, kada ya watsa sama, kuma idan ya gama a buɗe gefuna iska ta ratsa. Wanda ya ɗauko ruwan bilic mai sa tufafi fari ya wanke rufin rumfa da shi domin ya yi haske, ya sani shekarun ledarsa yake ragewa da hannunsa.

To, a zo ga huji. Wani zai ce, ɗan hujin da yatsa ma da ƙyar zai shiga, mene ne abin damuwa a rumfa mai faɗin mita 8 da tsawon mita 24? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku tuna shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoman Kano suka laƙaba wa suna Sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kwandon tumatir ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba kafin lokacin. Asalin tsutsar daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifen a 2006, daga nan ta ƙetaro Afirka. Uwar da ke saka ƙwanta ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne da bai kai tsawon santimita ɗaya ba, kuma da dare yake yawo. Farin ƙuda, mai ɗauko cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ta mayar da shi rawaya, shi ko milimita biyu bai kai ba. Domin su ne ake sa raga mai ƙananan idanu a gefen rumfa, ake yin ƙofa biyu a mashiga. Duk wannan kashe kuɗin, huji ɗaya ya isa ya rushe shi. Abin da ya fi muni, ƙwaron da ya shiga rumfa ya sami aljannar duniya: ga ɗumi, ga abinci, babu ruwan sama da zai doke shi, babu tsuntsun da zai cinye shi. Yaɗuwar da zai yi a ciki ta fi ta fili sauri.

Ɓarna ta biyu ita ce huji ba ya tsayawa yadda yake. Leda a ɗaure take, iska na ja kullum, don haka yagewar da ta kai tsawon ɗan yatsa yau, bayan hadari ɗaya sai ta zama kamu biyar. Facin da za a yi da tef na 'yan kuɗi kaɗan ya koma sayen sabon naɗi. Shi ya sa nake cewa ranar da aka ga huji, ranar ake toshe shi.

Yadda ake facin kuwa, a saurara da kyau, domin a nan ne mutane da yawa ke yin aikin baban giwa. Da farko, salatif ɗin da ake liƙe kwali da shi ba zai yi ba, haka baƙin tef na masu gyaran wuta. Rana na narkar da gam ɗinsu cikin 'yan makonni, su ɓare su bar danƙo da ƙura ke mannewa. Akwai tef na musamman na facin rumfa, garai-garai yake, da irin sinadarin ledar aka yi shi, kuma yana jure rana. Masu sayar da ledar su ne ke sayar da shi. Duk mai rumfa ya kamata a ce yana da naɗi ɗaya a ajiye a ɗaki, cikin inuwa, tun ranar da aka kafa masa.

A zaɓi lokacin da iska ta kwanta, raɓa kuma ta bushe, kamar da hantsi. A wanke kewayen hujin ciki da waje da ruwa da ɗan sabulu, a ɗauraye, a goge da tsumma mai tsabta, a jira ya bushe ƙayau. Wannan wankin shi ne rabin aikin. Tef ba ya kama ƙura, ba ya kama danshi, kuma duk facin da ka ga ya ɓare bayan sati guda, in ka bincika a nan aka yi gaggawa. Sai a yanka tef ɗin yadda zai zarce yagewar da kamar faɗin yatsu uku ta kowane ɓangare, a zagaye kusurwoyinsa da almakashi, domin kusurwa mai tsini ita iska ke fara kamawa ta ɗaga. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya tsaya a ciki ya tokare wurin da faffaɗan katako mai santsi ko tafin hannu, ɗayan ya haɗa bakin yagewar daga waje ya manna, yana murzawa daga tsakiya zuwa gefe har iskar da ta maƙale ta fita. Idan an gama na waje, a maimaita ta ciki, tef ya kalli tef, leda na tsakiya.

Idan yagewar doguwa ce, kada a fara da dogon tef. A fara da gajeru a gicciye, tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu, su ja bakin biyu su haɗe, sannan a bi da dogo a rufe su duka. Idan kuma wani yanki ne ya fita gaba ɗaya, kamar inda reshe ya faɗo ko akuya ta kutsa, sai a ɗauko ragowar ledar da aka rage ranar ɗorawa. Ragowar nan kada a ba yara su yi wasa da ita, kada a rufe buhunan taki da ita a rana. A naɗe a ajiye, ranarta na zuwa. A yanka ta fi ramin girma sosai, a ɗora ta waje, a bi gefunanta huɗu da tef, a fara da na ƙasa, sai na gefe, a ƙare da na sama, yadda ruwan sama zai gangara ta kai ba tare da ya sami bakin shiga ba. Kada a ɗinka da allura da zare, domin kowane hujin allura mafarin sabuwar yagewa ne. Kada kuma a kusanto da wuta ko dutsen guga da sunan narkar da bakin ya haɗe. Kuma don Allah kada a tura yaro ya hau kan rumfa wai don ba shi da nauyi. A sa tsani, a naɗe kansa da tsumma, a jingina shi daidai kan ƙarfe, wani ya riƙe.

Sai maganar ɗauri, wadda a ganina ita ce ta fi kashe rumfuna a Arewa. Ledar da ta saki tana kaɗawa, duk kaɗawa ɗaya kuma duka ne a jikin ƙarfe. Idan kana kwance da dare kana jin rumfarka na fat-fat, to tana gaya maka kwananta ya kusa ƙarewa. Leda tana miƙewa da zafi, tana takurewa da sanyi. Saboda haka ba a ɗora ta da sanyin asuba, domin rana na fitowa za ta saki. Ba a kuma ja ta iya ƙarfi da tsakar ranar bazara, domin idan sanyin Disamba ya zo, musamman a Jos ko Mambila, za ta takure har ta tsage a bakin maɗauri. Hantsi ne lokacinta, ranar da babu iska. Bayan 'yan makonni a sake zagayawa a ƙara ja, domin sabuwar leda dole ta ɗan saki. Masu rumfar da ake maƙale leda cikin kwarin ƙarfe da lanƙwasasshiyar waya, su duba ko wayar ta fita a wani wuri. Masu binne gefen leda a rami kuma, ramin ya kai zurfin kamu ɗaya ko kusa da haka, a mayar da ƙasa a tattake, a kuma sake dubawa bayan kowane ruwa mai ƙarfi domin zaizaya na tone shi.

Kowane manomi ya san iskar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas da jan ƙura kafin ruwa ya sauka, daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni. Ita ce mai kwashe rufin kwano, balle leda. Kafin lokacinta ya zo a tsallaka igiyoyi masu faɗi da laushi ta saman rumfar, tsakanin ƙarfe da ƙarfe, a ɗaure su da turaku a ƙasa. Siririyar igiya mai kaifi ko waya yanka ledar za su yi. Da an ga gabas ta haɗe, a rufe ƙofa, a sauke gefuna in masu naɗewa ne. Iskar da ta shiga ciki ta rasa mafita, sama take ɗaga rufin gaba ɗaya. Jerin darbejiya ko shingen zana ta ɓangaren gabas yana rage mata ƙarfi ƙwarai, amma bishiyar ta yi nisa yadda inuwarta da rassanta ba za su kai kan rumfar ba.

Idan ruwa ya zauna, a riƙa duba inda ya taru ya yi tulu a saman leda. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka ɗan tafkin da ya kai jarka biyu ya kai nauyin yaro zaune a kan rufinka. A tura shi daga ciki da wani abu mai laushi, kamar tsintsiyar da aka naɗe da zane, sannan a ƙara ɗaurin wurin, in ba haka ba gobe ma nan zai taru. Da kaka kuma, lokacin ƙone-ƙonen ciyawa da farautar ɓera, a share kewayen rumfa tas. Ba sai harshen wuta ya taɓa leda ba, hucinta kaɗai ya isa.

Ƙurar hunturu, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tun daga Nuwamba har Maris, ita ma tana da nata. Takan kwanta a kan rufi ta rage haske a daidai lokacin da hazo ya riga ya dushe rana, sai ka ga 'ya'yan reno sun yi tsawo siriri ba ƙwari. Ruwa da ɗan sabulu da soso mai laushi a bakin doguwar gora sun wadatar. Ko mutum biyu su tsallaka tsohon zanen gado jiƙaƙƙe ta sama, kowa ya riƙe igiya ta ɓangarensa, suna ja suna saki. Ban da burushi mai ƙarfi, ban da goge busasshiyar ƙura, domin yashi ne, kankare ledar zai yi. Amma abin da aka fi mantawa shi ne ragar gefe. Idanunta ƙanana ne, ƙura na toshe su, iska ta daina ratsawa. Tumatir kuwa da zarar zafi ya haura digiri 32 zuwa 35 furensa ke fara zubewa, kuma a Kano ko Yamai zafin waje kansa kan wuce 40 a bazara. Rumfar da ragarta ta toshe a wannan lokacin dafa shuka take yi. A wanke raga fiye da yadda ake wanke rufi. Idan bazara ta kankama kuma a shimfiɗa ragar inuwa ta sama, ko a fesa farar ƙasa mai ruwa-ruwa kamar yadda mutanen Almeriya ke yi, ruwan damina zai wanke ta da kansa.

Duk da haka akwai ranar da faci ba zai ƙara amfani ba, kuma ya kamata mutum ya gane ta. Idan ka kama gefen ledar ka ja ka ji ba ta miƙewa sai dai ta tsage, idan ta yi rawaya ko ta dushe har wanki ba ya dawo da haskenta, idan yagewa na bin layin ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, idan ka toshe nan can ya buɗe, to ta gama aikinta. A canza ta tsakanin girbi da sabon dashe, a natse, kafin iskar farkon damina. Wanda ya jira sai hadari ya canza masa, zai yi asarar leda da amfanin da ke ƙarƙashinta a dare ɗaya.

Tsohuwar da aka sauke kuma, a yi hattara da ita. Shekaru ta yi tana shan feshin magani. Kada a shanya tumatir ko barkono ko kuɓewa a kanta, kada a tari ruwan sha da ita, kada a rufe hatsi da ita. Kada a ƙone ta, hayaƙinta cuta ne ga mai shaƙa. Kada a bar guntayenta a gona, domin mahauta shaida ne kan irin ledar da suke cirowa daga tumbin shanu da awaki. In tana da sauran ƙwari, ana iya jiƙa ƙasar reno a rufe da ita sati huɗu zuwa shida a tsakiyar bazara, zafin rana ya kashe tsutsar saiwa da irin ciyawa. Abin da ya rage a kakkaɓe a ɗaure a kai wa masu sayen tsohuwar roba, waɗanda ke kai wa masana'antu a narka.

Saura maganar kuɗi, kuma ita ce ke sa rumfuna zama kufai. Yawancin ledar nan daga waje ake shigo da ita, don haka tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashinta ya yi sama. Manomi ya ci riba shekara uku, ya yi aure, ya sayi babur, ranar da leda ta mutu sai a tarar babu ko sisi da aka ware mata. Shawarata ita ce, ran da aka kafa maka rumfa ka tambayi kuɗin sabon rufi, ka raba shi gida talatin da shida, ka riƙa cire kashi ɗaya duk wata kana ajiyewa, kana ɗan ƙarawa saboda hauhawar farashi. In asusu ba ya zama a hannunka, ka sayi tunkiya da sunan ledar, ko ku haɗa adashi ku masu rumfuna a gari ɗaya. Haɗuwar ma za ta ba ku damar sayen babban naɗi ku raba, ya fi sauƙi.

Ina kuma kira ga hukumomi da ƙungiyoyin da ke raba wa matasa da mata waɗannan rumfuna. Aikin alheri ne, Allah ya saka. Amma kada a tsaya ga kafawa da yanke ƙyalle. A haɗa wa kowa da tef ɗin faci da ragowar leda, a zaunar da shi a koya masa ɗauri da wanki da hannunsa, a gaya masa gaskiya cewa rufin nan yana da wa'adi kuma shi zai sayi na gaba. A horar da matasa biyu ko uku a kowace ƙaramar hukuma su zama masu ɗora leda da gyaranta, yadda manomin Ɗanbatta ko Funtuwa ba sai ya jira wani ya taso daga Legas ba. Malaman gona su ma su sa duba rufi cikin abin da suke yi idan sun kai ziyara.

Kai kuma mai rumfa, ke ma Hajiya mai lambu a bayan gida, ku ware rana ɗaya a mako, ko da safiyar Juma'a ce kafin a tafi masallaci. Ku shiga ciki ku ɗaga kai ku bi kowane ƙarfe da ido, ku fito ku zaga waje ku taɓa maɗaurai da gindin raga. Abin da kuka gani ku gyara shi a ranar, kada ku ce sai an sayar da kwandon farko.

Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani.